Ƙofar da Aka Kulle Ta Ciki

 

Wari ne ya fara kawo mana labari. A wani bene mai sassa shida da na zauna shekaru a ɗaya daga cikin shiyyoyin Wuse, akwai wani dattijo a hawan ƙarshe da kowa ke kira Baba. Tsohon ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, yana cikin waɗanda suka biyo ma'aikatarsu daga Legas lokacin ƙaura. Na san shi da tsafta har da ƙwalisa. Ranar Juma'a in ya sauko da babbar riga ta sha sitaci da guga, sai ka dubi taka ka ji kunya. Matarsa ta rasu, Allah ya jiƙanta. Aka yi zaman makoki, 'ya'ya suka zo suka koma, ɗaya Legas, ɗaya Ingila. Daga nan Baba ya fara janye jiki. Ya daina saukowa sallar Asuba, muka ce sanyi ne. Ya daina saukowa Magariba, muka ce ƙafa ce. Maigadi ke sayo masa burodi da ruwan leda, ya miƙa ta ƙofar da ba a buɗewa sai iya shigar hannu. Barandarsa ta cika da tsofaffin jaridu, da kwalaye, da robobin ruwa, da fanka biyu matattu. Sai ɓeraye suka fara saukowa. Matar da ke ƙasa da shi, mai yara ƙanana, ta ce ita kam haƙurinta ya ƙare.

Muka zauna mu mazauna gidan, aka wakilta mu uku mu nemo mafita. Ba zan kama sunan ofis ko ɗaya ba, domin babu wanda ya wulaƙanta mu, babu kuma wanda ya yi mana ƙarya. A wuri na farko aka ce in ƙazanta ce mai damun maƙwabta, za a liƙa masa takardar gargaɗi, in bai gyara ba a kai shi kotu a ci shi tara. A asibiti likita ya saurare mu da kyau, ya ce, "Ku kawo shi." Muka ce ai matsalar ke nan, ba ya fitowa. Likita ya buɗe hannu. A caji ofis aka tambaye mu, "Ya daki wani? Ya yi sata? To wane laifi za mu rubuta?" A wajen masu kula da jin daɗin jama'a wata baiwar Allah ta ce su yawancin aikinsu kan mabarata ne da masu kwana a titi, wannan kuwa mai gidan kansa ne, yana karɓar fansho. Da na samu ɗansa a waya sai ya ce, "Haba Kawu, jiya-jiya muka yi hira da Baba kusan awa guda. Lafiyarsa ƙalau, har siyasa muka taɓa." Shi ma gaskiya ya faɗa.

Kowa ya ga gefen da ke fuskantar tagarsa. Wannan ya ga shara, wancan ya ga majinyacin da bai zo ba, wancan bai ga mai laifi ba, ɗa kuma ya ji murya mai daɗi. Baba kuwa ɗungurungum ɗinsa ba ya cikin fayil ɗin kowa.

Kafin wani ya ce ai wannan matsalar Turawa ce, mu tuna yadda aka yi Wuse ta zama Wuse. A 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yi dokar kafa sabon babban birni. Mutanen asalin wurin, yawancinsu Gbagyi, aka tashe su, sunan ma ya bi su: shi ne Sabon Wuse da ke jihar Neja a kan hanyar Kaduna. A filin da suka bari aka zana shiyya ta 1 zuwa ta 7, aka jera benaye domin ma'aikata. Ranar 12 ga Disamba 1991 fadar gwamnati ta taso daga Legas. Daga baya, zamanin Obasanjo, lokacin da Malam Nasiru El-Rufa'i ke ministan Abuja, aka sayar da gidajen gwamnati, ma'aikata da yawa suka sayi waɗanda suke ciki. To ku yi lissafi. Wanda ya shigo garin nan yana ɗan shekara 30 a 1991, yau ya haura 60, ya ajiye aiki. Wasu sun sayar sun koma garuruwansu. Wasu sun ba da haya, an mai da gidan ofis ko masauki, su sun matsa Kubwa ko Karu. Amma akwai waɗanda suka zauna, 'ya'ya sun watse, abokan aiki sun watse. Abujar da muka saba ɗauka garin matasa da 'yan ci-rani ta fara tara tsofaffinta na farko.

A cikin birnin Kano ko Katsina ko Zazzau, mutum bai isa ya ɓace kwana uku yana cikin gidansa ba. Liman zai ga gurbinsa a sahu. 'Yan majalisar ƙofar gida za su tambaya. Tsohuwar maƙwabta za ta aiko jika da ƙwaryar fura, jikan ya dawo da cikakken rahoto ba tare da an ce ya duba komai ba. In abin ya fi ƙarfin maƙwabta akwai mai unguwa, wanda ya san duba-gari, ya san malamin asibiti, ya san ƙanen mutumin da ke can wata unguwa, kuma in ya yi sallama a zaure dole a amsa. Abin da ake shirya wa tarurruka a manyan otal yau da sunan haɗa hannun hukumomi, mai unguwa ya daɗe yana yin sa a ƙafa. Benen Wuse ba shi da zaure. Ƙofar ƙarfe ce da lamba, da maƙwabcin da kuka shekara biyar kuna gaisawa a matattakala ba ka san sunan garinsu ba.

Kada a ɗauka begen tsohon zamani nake yi. Tsohon tsarin nan yana da nasa tabon, shi ne mai cewa aljanu ne, a ɗaure. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, wasu da mari a ƙafa, kuma da yawansu 'yan'uwansu ne suka kai su da hannunsu wai a gyara su. Wanda ya ga hotunansu ba zai ce a sakar wa dangi komai ba.

Abu biyu ne ke haɗuwa a irin gidan Baba, ko da yake ba kullum suke tafiya tare ba. Na farko mutum ya saki kansa: ba wanka, ba wanki, ba girki, ba shan magani, ciwo na cin sa yana rufewa da tsumma. Na biyu tara shirgi: ya kasa rabuwa da kaya ko da ba su da wani amfani, har su cinye gado, su cinye kicin, su toshe hanyar banɗaki.

A nan sai an yi hattara, domin mu mutane ne masu adana. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ban taɓa ganin ta jefar da gwangwanin madara ba, kuma kowanne sai ya samu ranarsa. Wanda ya taso cikin rashi ya san yadda kwalbar banza ke zama ma'aunin man gyaɗa. Ɗan jari-bola da ke tara ƙarafa da robobi shi ma sana'a yake yi, gobe zai ɗora a sikeli ya karɓi kuɗinsa. Bambancin yana wurin rabuwa. Mai adana in ka roƙa zai ba ka. Ɗan jari-bola in ka taya zai sallama. Amma mai wannan lalura, ka ɗauki jaridar da ta shekara 20 a ƙarƙashin kujerarsa, sai ka ga jikinsa na ɓari kamar ana zare masa haƙori. Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka sun ware ta a matsayin cuta mai zaman kanta a 2013, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa ta a kundinta na cututtuka karo na 11, wanda ya fara aiki a Janairun 2022. Binciken da aka yi a ƙasashen Turai da Amurka ya nuna kusan mutum 2 zuwa 3 cikin 100 na fama da ita. Takan fara tun ƙuruciya, ta yi ta ƙaruwa da shekaru. A gidaje da yawa matar ce ke ta kwashewa a ɓoye tsawon zaman aure, ranar da ta tafi sai tarin ya samu sarari.

Sakin kai kuwa, ruwa ba ya tsami banza. Wani ciwon damuwa ne ya danne shi bayan rashi. Wani ciwon mantuwa ne, kuma akwai irinsa da ke fara taɓa gaban ƙwaƙwalwa, ya ɗauke wa mutum kunya da kula da tsara al'amura tun kafin ya fara manta sunaye. Wani ɗan shanyewar ɓarin jiki ne da ya zo ya wuce ba a lura ba. Wani ciwon suga ne ya rage masa gani, ya kashe masa jin ƙafa, gyambo na ci bai sani ba. Wani giya ce. Kuma da yawa daga cikin waɗannan suna jin magani, in an gano su.

Ba mai ɗakin kaɗai abin ke shafa ba, shi ya sa ban taɓa ganin laifin matar nan mai yara ba. Ku haɗa tarin takardu da jarkar fetur ta janareto, da tukunyar gas, da wayoyin wuta da aka ja tun zamanin soja, da kyandir in an ɗauke wuta, da ƙarafan da muke girke wa tagogi don tsoron ɓarayi. Wuta in ta tashi a irin wannan ɗaki, mai shi ba shi da hanyar fita, 'yan kwana-kwana ba su da hanyar shiga. Ga ɓera, a ƙasar da zazzaɓin Lassa, wanda aka gano a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, ke tashi duk rani. A birnin New York an yi wasu 'yan'uwa biyu, Homer da Langley Collyer, 'ya'yan likita, masu ilimi, da suka kulle kansu a gidansu na Harlem. A 1947 aka tarar da gawar Homer, wanda makaho ne, yunwa ta gama da shi. Sai bayan fiye da mako biyu aka gano gawar Langley, mai kai masa abinci, taku kaɗan daga inda yake, tarin kaya ya rufto masa. Shirgin da aka fitar daga gidan ya haura tan 100. Unguwa duk ta san da su shekara da shekaru.

To me ya hana a fasa ƙofa kawai? A nan gizo ke saƙar. Baba ba yaro ba ne. Kundin tsarin mulki na 1999, sashe na 37, ya kare sirrin gidan ɗan ƙasa. Sashe na 35 ya kare 'yancin walwalarsa, ko da yake ya bar ƙofa a tsare mai taɓin hankali ko mai cuta mai yaɗuwa domin a kula da shi, bisa hanyar da doka ta tanada. Addini ma ya hana shiga gidan mutum ba izini, ya hana bin diddigin asirin mutane. Malaman fiƙihu suna da babin hajru, wato hana mutum sarrafa dukiyarsa in hankalinsa ya gaza, amma nauyin alƙali da waliyyi ne, ba na maƙwabcin da wari ya dama ba. Mun shekara fiye da 60 muna aiki da dokar mahaukata ta 1958, wadda tushenta ke komawa ga dokar Turawan mulki ta 1916, wadda abin da ta fi sani shi ne kullewa. Sai a Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta tanadi sashe na musamman a ma'aikatar lafiya ta tarayya da asusun tallafi, ta amince mai lalura yana da haƙƙi da bakin magana a kan jinyarsa, ta kuma gindaya sharuɗɗa kafin a kwantar da mutum ba da son ransa ba. Zamanin "a kai shi asibitin Dawanau" don ya dami mutane ya wuce, a takarda dai.

Tambayar da ta fi wuya ita ce: in ya ce "ku ƙyale ni," shi ne ke magana, ko ciwon ne ke magana da bakinsa? Akwai hankalin baki, akwai hankalin aiki. Baba zai iya zama da kai ya warware maka yadda ake tsara kasafin kuɗin ma'aikata tun daga daftari har majalisa, bai tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ka tambaye shi illar barin gyambo, zai faɗa maka har da sunan maganin. Amma ya yi wata bai kunna risho ba, maganin kuma yana cikin wata leda a ƙarƙashin wasu ledoji. Wanda ya gwada shi a ofis ko a waya zai ba shi maki ɗari. Sai wanda ya tsaya a kicin ɗinsa ya ce, "Baba, nuna min yadda kake dafa shayi," shi zai ga inda zaren ya tsinke.

Saboda haka kuskuren iri biyu ne, kuma duka muna yin su. Ko dai mu ce a bar kaza cikin gashinta, babba ne, ya san abin da yake yi, mu jira ranar da za a kira mu wanka da sutura. Ko kuma haƙuri ya ƙare, a zo da tifa da majiya ƙarfi a kwashe komai rana ɗaya yana kuka. Waɗanda suka daɗe a wannan aiki a ƙasashen waje sun gwada ta biyun sun ga ƙarshenta: cikin watanni ɗakin ke sake cika, kuma ƙofar da a da ake buɗewa iya hannu ba za a ƙara buɗe ta ba. Garin neman gira an rasa ido.

A Ingila sun sha wannan ɗacin kafin su yi doka. Dokar kula da manya ta 2014, wadda ta fara aiki a Afrilun 2015, ta wajabta wa kowace ƙaramar hukuma ta kafa kwamitin kare manya masu rauni, kuma dole ɓangarori uku su zauna a ciki: hukumar kanta, hukumar lafiya, da 'yan sanda. Ƙa'idojin dokar suka sa sakin kai da tara shirgi cikin abubuwan da kwamitin zai duba. In mutum ya mutu ko ya yi mummunar jikkata, ana kuma zargin hukumomi ba su yi aiki tare yadda ya kamata ba, dole a zauna a bi sawun abin da ya faru, domin a ɗauki darasi. Da aka tattara irin waɗannan rahotanni 231 na tsakanin 2017 da 2019, sai aka tarar kashi 45 cikin 100 sakin kai ne, ya fi duka, ya fi damfara, ya fi kowane irin cin zali yawa. Kuma abin da rahotannin ke ta maimaitawa kamar a benenmu aka rubuta su: an rufe fayil don ya ce ba ya so, kowa ya ɗauka wani ne ke riƙe da shi, babu wanda ya zauna ya tambaye shi tarihin kayan. Wata ƙaramar dabara da nake sha'awa a wurinsu ita ce hotuna tara na ɗaki ɗaya, daga tsaf-tsaf har zuwa cike maƙil, waɗanda wasu masana biyu na Amurka, Randy Frost da Gail Steketee, suka tsara da abokan aikinsu. Ɗan kwana-kwana da malamar asibiti da jami'in gidaje duk da su suke awo. In wannan ya ce "lamba shida," wancan ya san abin da ake nufi, ba sai an yi ta musun "ya yi yawa" da "bai yi yawa ba."

Amma ba sai mun je Ingila aro ba. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro ta Abeokuta. Maimakon a kulle masu taɓin hankali, sai ya sauke su a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, kowanne da ɗan'uwansa mai jinya, da yardar dattawan ƙauyen, har masu maganin gargajiya ya jawo cikin aikin. Duniya ta zo ta koya, shi kuma ya kai har muƙamin mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Likita, dangi, masu gari, a tabarma ɗaya. Mu muka fara, muka saki.

Kuma Abuja ba ta rasa hannuwa ba. Akwai hukumar kare muhalli ta AEPB da dokar 1997 ta kafa, da kotunanta na tafi-da-gidanka. Akwai duba-gari na ƙaramar hukumar AMAC. Akwai sakatariyar ci gaban jama'a ta hukumar birnin, mai cibiyar gyaran hali da koyar da sana'a a Kuchiko ta Bwari. Ga asibitin Wuse a shiyya ta 3, ga Asibitin Ƙasa. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiwatarwa a Abuja, ta sa watsar da wanda ke ƙarƙashin kulawarka ba tare da abin rayuwa ba cikin laifuffuka. Akwai Cibiyar Dattawa ta Ƙasa, wadda aka sa hannu a dokarta a 2018, ta fara aiki a 2021, kuma a garin nan take. Ga 'yan kwana-kwana, ga lambar gaggawa ta 112. Kowace tana aiki da dokar da ta kafa ta, kowace dokar kuma da mai ita take magana. Tsintsiya ce zube ba maɗauri. Abin da hukumomin birni suka fi sabawa da shi kuwa shi ne mutumin da ake gani. A Oktoban 2024 ministan Abuja Nyesom Wike ya ba mabarata wa'adin barin tituna, aka yi ta muhawara, ba kuma ita nake son tayarwa yau ba. Na kawo ta ne don a ga cewa wanda ke kan gada yana da mai zuwa nemansa, ko da daɗi ko ba daɗi. Na bayan ƙofa sai wari ya yi masa sallama.

Abin da nake roƙo bai kai a je majalisa ba, takardar umarni ɗaya daga hukumar birnin ta isa. A ce sau ɗaya a wata jami'in jin daɗin jama'a, da duba-gari, da ma'aikacin lafiya, da ɗan kwana-kwana, da ɗan sanda za su zauna a teburi ɗaya su duba irin waɗannan mutane na yankin AMAC, a gayyato liman ko fasto ko shugaban mazauna unguwa in ta kama. Kowane mutum a ba shi jagora ɗaya, mai suna da lambar waya, wanda in an tambaya ina aka kwana shi zai amsa. Kuma ba dole jagoran ya zama mafi girman muƙami ba. Wanda ake buɗe wa ƙofa shi ne jagora, sauran su bi bayansa. Kada a rufe fayil don ya ce a'a ranar farko. A koma, a gaishe shi, a sake komawa. In an samu shiga, a fara da abin da ke kisa: fetur, gas, wayar wuta, hanyar fita. Sannan jiki: ƙafa, suga, hawan jini, ƙwaƙwalwa. Shirgi shi ne na ƙarshe, kuma da hannunsa a ciki. Maigadi da mai ruwa da mai kwashe shara su ne idanun farko, su ke fara sanin wanda ya kwana biyar bai fitar da bola ba, sai a ba su lambar da za su kira.

Wannan teburin yana da wani amfani da ba a cika faɗa ba. Gida a Wuse yau dukiya ce mai yawan gaske. Dattijon da ke zaune shi kaɗai a ciki, ana raɗe-raɗin kansa ya taɓu, nama ne a bakin kura. Za a samu ɗan'uwan da bai taɓa zuwa gaisuwa ba ya bayyana da takardar wakilci da dillali a bayansa, yana cewa a kai Baba ƙauye ya huta. In mutum ɗaya ne ke yanke hukunci, ana iya saye shi ko a ruɗe shi. Mutum biyar da rubutaccen bayani sun fi wuyar sha. Haka kuma rufin asiri. Duk wanda ya shiga irin wannan ɗaki ya ɗaga waya ya ɗauki bidiyo don Facebook ko TikTok, ko da da sunan neman taimako ne, ya tozarta mutumin da ba zai iya kare kansa ba.

Na san abin da wani ke faɗa yanzu a gaban rediyonsa: ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwarta ba su kai 300 ba ga mutum fiye da miliyan 200, kamar yadda ƙungiyarsu ke ta kokawa, wasunsu ma suna haɗa jaka, ita ce za ta tsaya kan tsohon da ya tara jarida? Ai ƙarancin ne ma ya sa. In likita ɗaya ne, bai kamata a ɓata lokacinsa da abin da malamar asibiti da jami'in jin daɗin jama'a za su iya tacewa ba, a kawo masa wanda lallai sai shi. Kuma gobara ɗaya a bene mai sassa shida ta fi kuɗin shayin zaman shekara.

Baba dai ba teburi ne ya cece shi ba, domin babu shi. Dace muka yi. Akwai wata ma'aikaciyar jinya a benen da ke kallon namu, ita ta ce mu daina zuwa mu uku kamar masu kai sammaci, mu nemo wanda yake jin nauyinsa. Da ƙyar muka samo wani tsohon ƙaramin ma'aikacinsa, shi ma ya yi ritaya, yana zaune a Kubwa. Mutumin nan ya hau bene ya ƙwanƙwasa ya ce, "Yallaɓai, ni ne. Wata takarda ce ta shige min duhu a kan fanshona, na ce babu mai warware min sai kai." Aka yi shiru. Can sai muka ji ana jan kaya daga bayan ƙofa.

Ya yi zuwa huɗu bai ce uffan kan shara ba. A na biyar ya ce, "Yallaɓai, wannan ƙafar fa? Akwai wata 'yarka a nan ƙasa, bari ta duba." Sista ta shiga da jakarta, ta wanke gyambon, ta auna suga, lambar da ta gani ta sa ta kira ɗan nasa a daren, ta ce masa, "Ka bar jin murya, ka zo ka ga ƙafa." Ya zo. Jarkoki uku na fetur Baba da kansa ya yarda aka sauke wa maigadi. Aka buɗe hanya daga gado zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa banɗaki, leda ɗaya-ɗaya, kowace sai ya duba cikinta. Wannan kaɗai ya ci wata huɗu. Likitan da ya ce a kawo shi, a ƙarshe an kai shi, da ƙafarsa ya shiga mota.

Lokacin da na tashi daga gidan, Baba ya koma saukowa Magariba, ba kullum ba. Jaridun suna nan a baranda, an dai ɗaure su an ɗaga daga ƙasa. Ɗakin marigayiya kuwa har ranar bai bari kowa ya taɓa ba, makullin yana aljihun gaban rigarsa.